Zalɓen da Ya Shiga Lungu

A duk Kalaba babu wanda bai taɓa ganin aikin hannun Orok Asuquo yana tafiya a kan titi ba, sai shi Orok ɗin. Abin dariya ne, amma gaskiyar ke nan. Tun shekarar da aka fara bikin kanibal a garin, wato bikin kiɗa da rawa da gasar ƙungiyoyi na ƙarshen shekara, shi yake gina wa ƙungiyarsu ƙaton abin da ake ɗorawa a mota a zaga gari da shi, wanda a rumfarsu ko kifi ne ko jirgi ko mutum, sunansa dai dodo. Ranar biki kuwa, lokacin da duniya ta taru a titin Marian ana ihu ana tsalle, shi yana can cikin cikin dodon a duƙe, gumi na tsiyaya, yana jan igiyoyin da ke motsa kai da ido da hannu. Wata 'yar kafa kawai yake bar wa kansa ƙasa-ƙasa don shan iska, kuma ba ya hango komai ta nan sai ƙafafun mutane.

Shi ya sa ta ƙafa ya san garinsu. In ya ga silifas da kaushi da zannuwan da aka ɗage, ya san an zo inda matan kasuwa suke tsayawa. In ƙamshin tsire ya kutso masa, unguwar Bogobiri ce ke kusa. In ya ga takalma masu sheƙi a jere ƙarƙashin tebur, to an iso gaban alƙalan gasa, sai ya tattara ƙarfinsa ya ja igiya kamar ransa zai fita.

Ba da wannan sana'ar ya tashi ba. Ubansa kujeru da gadaje yake yi da gwangwala a unguwar Akim, shi ma ya gaji aikin, ya ci ya sha da shi har ya yi aure. Sai kujerar roba ta shigo gari ta kashe musu kasuwa murus. Furfura ta riga ta fara fito masa a gemu, ya zauna a ƙofar gida yana kallon hannayensa kamar na wani. Ana cikin haka wata rana Madam Ansa, mai shagon yadi da ke shugabantar ƙungiyar, ta zo neman wanda zai iya lanƙwasa gwangwala ta zama kifi. Ya ce bai taɓa yi ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa shugabantar mahaukata ba, ga shi tana yi, ya tashi su tafi. Daga ranar ya koyi ɗaure gora da waya, ya koyi liƙa takardun buhun siminti da sitacin rogo har su yi tauri, ya gane cewa tsohon wilin keke ya fi komai daɗin ratsa igiya. Har gobe in aka taɓo zancen, cewa yake yi garin nan ne ya mayar masa da hannayensa, kuma ba ya jin kunyar faɗin haka ko a gaban wa.

To amma mutumin da ba ya ganin aikinsa, yaya yake sanin ya yi kyau? Nan ne matarsa ta shigo. Nkoyo sunanta, 'yar masunta ce daga Creek Town, tana sayar da busasshen kifi da jatan lande a kasuwar Watt. Babu mai kiran ta da sunanta, sai Eka Arit, wato uwar Arit, kamar yadda shi ma ake ce masa Ete Arit saboda 'yarsu tilo. Mace ce mai baki, wanda in ta yanke ka da shi sai ka isa gida kafin ka ji zafin. Kowace shekara takan ɗauki 'yar kujerarta ta kafa a gindin wani mangwaro a titin Marian, ta zuba ido har dodon mijinta ya wuce. Washegari, yana kwance rub-da-ciki tana gasa masa baya da ruwan zafi, sai ta buɗe shari'a.

"Ete Arit, kifin nan naka mota ce ta taka masa ciki?"

"Haka kifin yake, Eka Arit."

"A gidanku? Ni da aka haifa a cikin kwale-kwale za ka gaya wa kifi? Wutsiyar dai ta motsa da kyau, yara har bin ta suke yi. Amma idon, sai ka ce na mai bashin barci."

Haka za ta bi dodon tun daga kai har ƙafa, ta faɗi inda mutane suka yi shewa, da inda wata tsohuwa ta tsorata ta zubar da lemonta, da abin da 'yan wata ƙungiya suka ce don baƙin ciki. Sai can ƙarshe, in ta matse tsumman, ta ce, "To, ya dai yi." In bai ji wannan kalmar ba, a wurinsa aiki bai ƙare ba, ko da alƙalai sun ba su kofi. Samarin zamani sun sha nuna masa dodonsa a waya, ya leƙa ya kau da kai, ya ce wannan ai kyankyaso ne a kwalin ashana. Ga shi kuma dodo ba ya daɗewa a duniya. Ana gama biki a kwance shi, a ware gora a gefe, mota ta koma ɗaukar bulo. Duk dodannin da ya taɓa ginawa babu inda suka saura sai a bakin Eka Arit.

Da daminar wannan shekarar ne ta yanke jiki ta faɗi a gaban tebur ɗinta a kasuwa. Da aka sallame ta daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya ɗan karkace. Likita ya ce maganar za ta dawo in tana yawan gwadawa. Ta kuwa gwada a farko. Sai wata rana matan coci suka zo dubiya, ta buɗe baki za ta amsa gaisuwa, harshen ya yi nauyi, ɗaya daga cikinsu ta fashe da kuka tana "wayyo, Eka Arit ce haka?" Kai, wasu masu dubiya gara a ce ba su zo ba! Tun daga ranar ta rufe bakinta gam, ta juya fuska bango. Ko baranda ta ƙi a fitar da ita. Arit ta rufe shagon ɗinkinta a Uyo ta dawo gida jinya, amma ita ma sai dai ta yi ta magana ita kaɗai.

Abin ya ci Ete Arit ƙwarai. Gidan da da can ba ka iya ajiye kofi ba a ce ka ajiye shi a karkace ba, ya koma tsit. Wata safiya ya zauna a bakin gadonta ya ce ta kwantar da hankalinta, ranar biki zai ɗauko keke mai ƙafa uku a kai ta gindin mangwaronta, a yi mata rumfa. Ta lalubo kofin roba da hannun hagu ta wurga masa. Bai same shi ba, amma ya gane. Matar da ta yi shekaru tana yi wa rabin Kalaba dariya ba za ta yarda a ɗauke ta kamar buhun gari a ajiye a gaban rabin Kalaba ba.

Ya fita ya tsaya a ƙofar gida, ana yayyafi, ya dubi lungunsu tun daga barandarsu har inda ya haɗu da babban titi. Ya koma ya ɗauko doguwar gwangwala, ya bi lungun yana gicciya ta tsakanin bango da bango. Inda ya fi ko'ina matsi ya sa wuƙa ya yanke ta daidai faɗin wurin. Ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi rumfa, bai gaya wa kowa a gida ba, don ya san in zancen ya kai kunnenta wani kofin ne zai biyo baya.

Taken bikin na shekarar a kan kogi ne. Madam Ansa ta zo rumfa da shawararta a shirye: ƙaton kada take so, mai faɗin da zai cika titi daga kwata zuwa kwata.

"Zalɓe zan yi, Madam," in ji shi.

"Me?"

"Zalɓe. Tsuntsun nan mai dogon wuya da ke tsayawa a bakin ruwa."

"Na san zalɓe, Ete Arit, ba daga wata na faɗo ba! Mutane za su fito da giwayen ruwa, mu mu fito da tsinken sakace? So kake a yi mana waƙa a gari?"

"In ya buɗe fuka-fukai zai fi kadanki faɗi. In ya naɗe su kuma..."

Effiom mai walda, wani ƙato mai tumbi da suke aiki tare tun farkon ƙungiyar, shi ya tona. Ya nuna gwangwalar da ke jingine a bango ya ce, "Madam, ga shugabar aikin nan. Duk ƙarfen da na yanka sai an gwada shi da ita. Ko motar ma an ce ƙarama za a ɗauko, wadda ba ta wuce ta ba. Ni dai na ce ko akwatin gawata ake aunawa."

Madam Ansa ta dubi gwangwalar, ta dubi tsohon. Ba wawuya ba ce, ta san lungun, ta kuma san wadda ke kwance a ƙarshensa. Ta ja tsaki mai tsawo, ta gyara ɗaurin kanta.

"Da safe, kafin mu je wajen taruwa. Shiga da fita, ba zama ba. In gashi ɗaya ya fige daga jikin tsuntsun nan kafin alƙalai su gan shi, kai zan liƙa wa gashin in ɗora ka a motar. Ka ji ni?"

"Na ji, Madam. Allah ya saka."

"Ka riƙe godiyarka, ni ba don kai na yi ba."

Bai taɓa zuba wa wani dodo ƙwazo irin na zalɓen nan ba. Wuyan gaɓa-gaɓa ya yi shi, kowace gaɓa da igiyarta, yadda zai lanƙwashe ya wuce ƙarƙashin wayoyin lantarki, ya kuma iya sunkuyowa har ƙasa. Gashin da fararen buhunan shinkafa aka yanka, matan ƙungiya suka yi ta liƙawa har yatsunsu suka kumbura. Ya je ya sami Ekeng, shugaban 'yan gora, waɗanda ke tafiya a gaban kowane dodo da dogayen gorori masu baki biyu suna ɗaga wayoyi, ya gaya masa lungunsu wayoyinsa sun fi saƙar gizo yawa. Ekeng ya ce ko na gizon ne za su ɗaga.

Sai dai akwai abin da Ete Arit bai sani ba, kuma duk wani ɗan Kalaba ya sani in ban da mai ginin dodo. A watan Disamba garin kumbura yake yi. Baƙi na shigowa ta ruwa da ta tudu, duk mai shago ya ƙara rumfa, duk mai tebur ya ƙara benci, titin da ka sani da damina ba shi ne na Disamba ba. Shi kuwa tun da ya fara wannan aiki bai taɓa ganin unguwarsu a watan ba, don a rumfa yake tarewa har a gama biki. Bana da yake dawowa gida kullum saboda mara lafiya, ta bayan coci yake yankewa, hanyar da ta fi kusa, bai taɓa bi ta bakin lungu ba.

Ranar biki da hantsi suka fito. Zalɓe a tsaye bisa mota, fari tas, fuka-fukai a naɗe, 'yan gora a gaba, Madam Ansa a gefe da usur a baki. Ete Arit yana ciki kamar kullum. Sai ya ji mota ta tsaya, ya ji Ekeng yana buga masa ƙarfe.

"Ete, fito ka gani."

Ya rarrafo ya fito. Ya dubi gaban motar. A bakin lungun, wata rumfar kwano sabuwa fil ta cinye kusan rabin hanya. Bencina a jere, mutane na zaune suna shan farfesu, manyan tukwane na tafasa a kan murhu. Ba sai an kawo gwangwala ba, ko keke da ƙyar zai wuce.

Kuma rumfar wa? Ta Mma Ikwo, mai abincin da ke kusurwar. Duk Disamba take fitar da ita, ranar biki kuma ita ce ranar da take jira duk shekara. In da ta wani ce da sauƙi. Mma Ikwo da Eka Arit sun yi shekaru ba sa ga-maciji, tun wani bikin godiyar kaka a coci da Eka Arit ta ɗanɗana miyar afang ɗinta a gaban matan unguwa ta tambaya ko ruwan wanke ganyen ne aka kawo, miyar na tafe.

Madam Ansa ta dubi agogonta. "Shi ke nan, Ete Arit. Mun gwada. Direba, yi baya."

"Madam, mbok, don Allah, ɗan dakata."

"In dakata a yi me? In sa tsuntsun ya tashi sama?"

Ekeng ya ce, "To a ɗauko Eka Arit a kujera a kawo ta nan mana, mu huɗu mun isa."

Arit, wadda hayaniya ta fito da ita, ta tsaya baki buɗe tana kallon zalɓen, sannan ta dubi ubanta. Yanzu ta gane abin da ya yi watanni yana ƙullawa. Hawaye ya cika mata ido ta ce, "Papa, ko ƙofar ɗaki ba ta yarda a kai ta. Nan kuwa, a gaban mutanen nan? Ba za ta zo ba."

Ya sani. Ya tsaya da hannaye a sake, ga gidansa can yana hango barandar, ga aikin wata da watanni a bayansa, tsakaninsu 'yan fallayen kwano. Bai taɓa jin kansa wawa irin na ranar ba. Mutum ya auna lungun da aka haife 'yarsa a ciki, ya manta da wata guda cur a shekara!

Mma Ikwo ta fito daga bayan tukwane da ludayi a hannu, zani a ɗaure a ƙirji, tana share gumi.

"Wai me ake tare mini ƙofa da wannan kazar? Ete Arit, hanyar Marian ce ta ɓace maka da tsufa?"

Ya sunkuyar da kai. "Mma Ikwo, kuskurena ne. Da damina na auna, ban san kina fitar da rumfa ba. Eka Arit nake so ta gan shi. Ba ta taɓa rasa ko ɗaya ba, ni kuma sai ta gaya mini nake sanin abin da na yi. Amma yau ranar cinikinki ce, ba zan roƙe ki ba. Za mu juya."

"Matar da ta ce miyata ruwan wanke ganye ce?"

"Ita."

Mma Ikwo ta ɗaga kai ta bi zalɓen da kallo tun daga ƙafa har baki, ta juya ta dubi ƙarshen lungu. Sai ta buga ludayin a kan tebur har kwanuka suka yi tsalle.

"Ku tashi! Kai mai jar hula, ɗauki kwanonka ka ƙarasa a tsaye, ba a gidan ubanka kake ba. Ku ɗage bencinan nan!" Ta juyo kan Effiom. "Kai mai tumbi, ba maƙeri ba ne kai? Me kake kallo? Ɓalle kwanon, amma in ka lanƙwasa mini ko ɗaya da tumbinka za ka biya."

"Mma Ikwo..." in ji Ete Arit.

"Rufe mini baki. Tun da matarka ta kwanta babu wanda ya zage ni a lungun nan. In dafa da gishiri, in dafa babu gishiri, kowa sai ya ce ya yi daɗi. Maƙaryata! Gari ya zama kamar maƙabarta. Ku shiga da abin ku, ko ta buɗe bakin nan nata."

Kafin ka ce me, masu cin abinci sun zama leburori. Wani ya rungumi benci, wasu suka kinkimi tukunya da tsumma suna "a ba da hanya, da zafi!" Effiom ya hau yana zare ƙusoshi, 'yan gora suka tallafe kwanon suna saukewa. Ƙarar guduma da ta kwano ta cika unguwa. Madam Ansa da ta ce a juya, ita ce ta koma tana busa usur tana ba da umarni, har da ɗaukar turmi.

Ana cikin haka sai ga Arit ta dawo da gudu, ɗankwali a hannu.

"Papa! Mama ta yi magana!"

"Ta ce me?"

"Ta ce me ake fasawa. Na ce rumfar Mma Ikwo ce, kuma ita Mma Ikwo da kanta ta sa a fasa. Sai ta ce, 'Ƙarya.' Na rantse mata. Sai ta ce in fitar da ita ta gani da idonta!"

Mma Ikwo ta tuntsire da dariya, tana yi tana goge ido da gefen zani. "Kun ji ko? Ba tsuntsu ne ya fito da ita ba, gulmata ce."

Da hanya ta buɗe, Ete Arit ya nufi cikin zalɓen, sai Madam Ansa ta tare shi. Ta ce yau dai, ko sau ɗaya a rayuwarsa, ya je ya zauna kusa da matarsa ya ga abin da yake ginawa. Effiom ya san igiyoyin, shi zai shiga. Effiom ya matse tumbinsa ya kutsa da ƙyar, ana yi masa dariya.

Mota ta shiga lungun a hankali, bango na kusan shafar gashi hagu da dama, 'yan gora na ɗaga waya suna saukewa. Mutane sun fito ƙofa-ƙofa, wasu a kan katanga. Ete Arit ya riga su isa. Ga ta nan a baranda cikin kujera, Arit ta ɗaura mata ɗankwali, ta rame, hannun dama na kwance a cinya. Ya durƙusa a gefenta. Jama'a na ta ce masa, "Ete, ɗaga kai ka gani! Dubi abinka!" Ina! Rabonsa da ganin fuskarta a hasken rana tun damina, bai iya kau da ido daga kanta ba.

Ita kuwa sama take kallo. Ya ga idonta ya ƙanƙance, irin ƙanƙancewar da ya sani, ya ga goshinta ya tattare. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa. Lungun ya yi tsit.

"Wa... ke ciki?"

Maganar ta fito da nauyi, a karkace, amma kowa ya ji.

"Effiom ne, Eka Arit."

"Kamar... mai jan guga." Ta numfasa. "Zalɓe ba ya... fizga. Tashi... ka shiga."

Shewa ta ɓarke. Daga cikin tsuntsun aka ji Effiom yana cewa shi dama zafi ya ishe shi, a zo a fitar da shi. Ete Arit ya miƙe, bai ko waiwayi zalɓen ba, ya zagaya ta baya ya rarrafa ciki. Ya kama igiyoyinsa. Ya ɗaga wuyan a hankali har ya miƙe, ya tsayar da shi cak yadda zalɓe ke yi in ya hango kifi, ya ɗan karkata kan gefe guda. Sannan ya saki gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, wuyan ya gangaro, ya gangaro, har ya ji ta igiya cewa bakin ya taɓa dakalin baranda. Ya ja ƙaramar igiya, ido ya ƙifta.

Ta 'yar kafarsa ba ya hango komai sai ƙafafu biyu cikin silifas shuɗi da gefen zani. Ya san ƙafafun nan fiye da nasa.

"Ete Arit."

"Na'am, Eka Arit."

"Idon hagu... ya fi na dama."

Aka sake kwashewa da dariya. Ya ji muryar Mma Ikwo tana cewa, "Ta dawo! Wallahi ta dawo!" Shi kam hawaye ne ke zuba yana haɗuwa da gumi, ba hannun sharewa, duka biyun na riƙe da igiya.

"Sai me kuma?" ya tambaya.

"Wuyan... ya yi. Kamar na gida." Ta tattara numfashi, babu wanda ya katse ta. "Amma tsuntsun nan... yunwa yake ji. Ka matse shi... don lungu."

"Haka ne."

"Baɗi... ka gina mai ƙiba. A Marian... zan gani."

Can waje Madam Ansa ta busa usur, sannan da wata irin murya da ba tata ba ta ce direba ya yi baya a hankali, an makara. Mota ta fara ja da baya, 'yan gora suka koma ɗaga wayoyi, ƙafafun nan biyu suka fara nisa a cikin kafar. Sai ya ji ta ɗaga murya iya ƙarfinta, yadda za ta iske shi a ciki.

"To... ya dai yi."